Tafarnuwar Minista da Shawar Shugaba: Yadda Alƙalamin Zapiro Ya Hana ANC Sakat

A watan Agustan 2006, dubban likitoci da masana da 'yan gwagwarmaya suka hallara a birnin Toronto na ƙasar Kanada domin babban taron duniya kan cutar ƙanjamau. Ƙasashe da dama sun kafa rumfuna suna nuna irin yaƙin da suke yi da cutar. Rumfar da ta ja hankalin jama'a ita ce ta Afirka ta Kudu, ƙasar da a lokacin take da mutum sama da miliyan 5 masu ɗauke da ƙwayar HIV. Abin da masu ziyara suka tarar an jera a wurin shi ne tafarnuwa da lemun tsami da wata jar saiwa da ake kira bitirut.

Mai wannan rumfa ita ce ministar lafiya, Dokta Manto Tshabalala-Msimang. Cikakkiyar likita ce da ta yi karatu a Leningrad ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ta kuma shafe shekaru masu yawa tana gudun hijira saboda yaƙi da wariyar launin fata. Mijinta, Mendi Msimang, shi ne ma'ajin jam'iyyar ANC mai mulki. Wato ba baƙuwa ba ce, 'yar gida ce ta ƙuryar ɗaki. Tun da ta karɓi ma'aikatar a 1999 take nanata cewa magungunan rage kaifin ƙanjamau suna da guba, tana kwaɗaita wa masu cutar tafarnuwa da man zaitun da lemun tsami da wata saiwar daji da suke kira dankalin Afirka.

Duniya ta yi mamaki a Toronto. Masu karanta jarida a Johannesburg da Cape Town kuwa ba su yi ba, domin shekara da shekaru suna ganin ministar da kayan miyarta a shafin zanen barkwanci. Wanda ya liƙa mata su shi ne Jonathan Shapiro, wanda ke sa hannu a ƙasan zanensa da sunan Zapiro.

Zanen barkwanci na siyasa ɗan ƙaramin fili ne a jarida, sau da yawa bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba, galibi kusa da sharhin edita. Mai zanen yakan ɗauki fuskar da kowa ya sani, ya ƙara wa hanci tsawo ko ya kumbura kumatu, ya sa mutumin a wani hali da zai fallasa abin da yake yi a ofis. Amma ƙara wa hanci tsawo shi ne mafi sauƙin aikin. Gwanintar tana wajen gano abu guda da ɗan siyasar ya faɗa da bakinsa ko ya aikata da hannunsa, a mayar da shi alama, a yi ta maimaita ta har ta zama kamar tsagar gado a fuskarsa. Bahaushe bai rasa sanin wannan ba. Maroƙin da ya iya zambo ba ya ƙirƙiro wa mutum aibin da ba shi da shi. Yakan tsinci wanda gari ya riga ya sani ne ya ɗaura masa kiɗa, shi ke nan sunan ya bi mutum har kabari.

Sana'ar tsohuwa ce, kuma tun farkonta masu mulki ba su ƙaunace ta ba. A Faransa, a 1832, an ɗaure Honoré Daumier wata 6 saboda ya zana Sarki Louis-Philippe a matsayin ƙaton mahaɗiyi da ke lamushe dukiyar talakawa. A Amurka kuma Thomas Nast ya addabi William Tweed, uban gidan siyasar birnin New York, har aka ruwaito Tweed yana cewa rubutun jarida bai dame shi ba tunda yawancin masu zaɓensa ba sa karatu, amma hoto kowa na gani. Da ya tsere daga kurkuku ya gudu Sifaniya, an kama shi a 1876, kuma an ce da taimakon zanen Nast aka gane fuskarsa.

Abin da ya sa labarin Zapiro ya bambanta shi ne inda ya fito. An haife shi a Cape Town a 1958, farar fata ne, ya karanci zanen gine-gine a jami'ar birnin. An tilasta masa shiga soja kamar sauran matasan fararen fata na lokacin, amma sai ya faɗa cikin ƙungiyar UDF da aka kafa a 1983, wadda ita ce ta riƙe tutar gwagwarmaya a cikin gida lokacin da ANC take haramtacciya. Ya yi wa ƙungiyar zane-zanen fastoci, ya yi aiki da jaridar South, kuma a 1988 jami'an tsaro suka tsare shi ba tare da shari'a ba, gab da tafiyarsa New York karatun zane. Da aka yi zaɓen 1994 Nelson Mandela ya hau mulki, mutanen da Zapiro ya sha wuya dominsu ne suka zama ministoci.

A nan gizo ke saƙar. Sukar gwamnatin wariya ba ta buƙatar dogon tunani, fari da baƙi a bayyane suke. Amma yaya mutum zai yi da abokan gwagwarmayarsa idan suka fara karkacewa? Da yawa sun zaɓi yin shiru, wai kada a ba maƙiya abin faɗa. Zapiro ya zaɓi ya ci gaba da zane. Ya sha ba da labarin ranar da Mandela da kansa ya kira shi a waya yana nuna rashin jin daɗi cewa wata jaridar Cape Town ta daina buga zanensa. Da Zapiro ya tuna masa cewa ai kwanan nan yana ta sukar ANC, sai dattijon ya nuna masa cewa ai aikinsa ke nan. Waɗanda suka gaji Mandela ba su gaji wannan faɗin ƙirjin ba.

Duk ƙarshen shekara yakan tattara zanensa a littafi guda, kuma sunayen littattafan kaɗai sun isa tarihin jam'iyyar. Na 2001 ya ɗauki sunansa ne daga badaƙalar motar Tony Yengeni, babban mai tsawatarwa na ANC a majalisa, wanda ya sami rangwame mai tsoka a kan wata ƙatuwar Marsandi daga kamfanin da ke da hannu a cinikin makaman ƙasar. Kotu ta same shi da laifin zamba a 2003, kuma ranar da zai shiga kurkukun Pollsmoor a 2006 manyan jam'iyya suka raka shi har bakin ƙofa, magoya baya suka ɗaga shi a kafaɗa kamar wanda ya ciwo kofi. Littafin 2003 da na 2007 kuwa duka ministar lafiya ce ta ba su suna: na farko ya kira ta likitar da ba ta tsinana komai ya haɗa ta da dankalin Afirka, na biyu ya kwaikwayi yadda likita ke sallamar majiyyaci, sai dai a maimakon ƙwaya biyu, kayan lambu biyu aka rubuta.

Dariya ce a takarda, amma abin da ke ƙarƙashinta makoki ne.

Ministar ba ita kaɗai take rawarta ba, da mai kiɗa a bayanta. Shugaba Thabo Mbeki, mutum mai zurfin karatu wanda Zapiro ke zanawa da gemunsa da lofensa, ya shiga shakkar ko ƙwayar HIV ce ke haddasa ƙanjamau. A shekarar 2000 ya kafa kwamitin ba da shawara ya cusa masu musun wannan hujja a ciki, irin su Peter Duesberg na Amurka. A shekarar ce masana kimiyya kimanin 5,000 suka sa hannu a Sanarwar Durban suna tabbatar da cewa HIV ce sanadin cutar. A lokacin akwai maganin nevirapine, wanda ke rage yiwuwar uwa ta shafa wa jaririnta cutar da kusan rabi, amma gwamnati ta taƙaita shi ga wurare biyu na gwaji a kowane lardi. Sai da ƙungiyar TAC mai fafutukar samar da magani, wadda Zackie Achmat da abokansa suka kafa a 1998, ta maka gwamnati a kotu, Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukunci a watan Yulin 2002 cewa dole a wadata asibitocin gwamnati da maganin. Majalisar ministoci ba ta amince da shirin raba magungunan ga jama'a ba sai a ƙarshen 2003, kuma ko bayan nan aikin ya yi ta jan ƙafa. Mataimakiyar ministar, Nozizwe Madlala-Routledge, wadda ta fito fili ta goyi bayan magani na gaskiya, ita aka kora a watan Agustan 2007. Ministar kuwa ko gezau.

A 2008 masu bincike na Jami'ar Harvard suka ƙiyasta cewa jinkirin nan ya ci rayuka sama da 330,000 tsakanin 2000 da 2005, kuma jarirai kimanin 35,000 aka haifa da cutar alhali ana iya kare su. Duk wanda ya ce zanen Zapiro ya yi wa ministar tsauri, to ya ɗora waɗannan alƙaluma a ɗaya gefen sikeli.

Ba daidai ba ne kuma a ce zane ne ya sauya manufar gwamnati. Waɗanda suka yi wannan aiki su ne masu cutar da suka cika tituna sanye da rigunan da ke shelar halin da suke ciki, da lauyoyi, da likitocin karkara da suka yi kasadar rasa aikinsu. Abin da zanen ya yi daban ne: ya hana a rufe maganar da dogon Turanci. Minista za ta iya fitar da sanarwa mai shafi goma a kan abinci mai gina jiki, wadda a cikinta ma akwai gaskiya, tunda babu likitan da ke musun amfanin abinci ga majiyyaci. Amma da zarar mai karatu ya ga likita riƙe da tafarnuwa a gaban layin marasa lafiya, ya gane inda aka karkatar da gaskiyar. An mayar da abin taimako ya maye gurbin magani.

Sai kuma Jacob Zuma, wanda ya ba Zapiro alamar da ta fi kowace shahara. Zuma ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 1999 har Mbeki ya sauke shi a watan Yunin 2005, bayan kotu ta sami mai ba shi shawara kan kuɗi, Schabir Shaik, da laifin rashawa. A 2006 ya gurfana bisa zargin fyaɗe, kuma kotu ta wanke shi a watan Mayun shekarar. Amma a cikin bayaninsa ya amsa cewa ya san matar tana ɗauke da HIV, bai yi amfani da kariya ba, kuma ya yi wanka a shawa bayan nan domin rage haɗarin kamuwa. Mutumin da ya faɗi haka shi ne wanda ya taɓa shugabantar majalisar yaƙi da ƙanjamau ta ƙasa baki ɗaya.

Tun daga lokacin Zapiro ya dasa masa kan shawa a tsakar ka. Ko ina aka zana Zuma, a majalisa ko a filin taro ko a jirgin sama, bututun nan yana tsaye a bisa ƙoƙon kansa, wani lokaci yana ɗiga. Abin ya fita daga jarida ya shiga gari. 'Yan adawa suka riƙa lanƙwasa hannu a saman kai a wurin taro, kowa ya san wanda ake nufi ba tare da an ambaci suna ba. Da aka rantsar da Zuma shugaban ƙasa a watan Mayun 2009, Zapiro ya cire shawar daga kansa ya bar ta tana reto a sama, alamar an ba shi damar gyara hali. Ba a daɗe ba ya mayar da ita mazauninta.

Zanen da ya fi tayar da ƙura ya fito ne a jaridar Sunday Times ranar 7 ga Satumban 2008. A lokacin Zuma ya riga ya kayar da Mbeki a shugabancin ANC a taron Polokwane, amma tuhumar rashawa tana rataye a wuyansa, kuma magoya bayansa sun buɗe wa alƙalai wuta. Julius Malema na reshen matasa ya ce a shirye suke su yi kisa saboda Zuma. Zapiro ya ɗauko macen nan mai ɗaure da ƙyalle a ido da ake gani a ƙofar kotuna, alamar shari'a, ya zana ta a ƙasa, sikelinta ya faɗi gefe. Mutum huɗu sun danne ta: Malema, da Gwede Mantashe sakataren ANC, da Blade Nzimande na jam'iyyar Kwaminis, da Zwelinzima Vavi na ƙungiyar ƙwadago ta COSATU. Zuma yana tsaye yana kwance bel ɗin wandonsa, Mantashe yana zuga shi.

Ƙasa ta ɗauki zafi. Jam'iyyar ta ce cin mutunci ne da wariyar launin fata, tunda kotu ta riga ta wanke mutumin daga zargin fyaɗe. Wasu mata ma da ba ruwansu da Zuma sun ce a ƙasar da fyaɗe ya zama annoba, bai kamata a mayar da shi abin buga misali ba, kuma wannan ƙorafi ne mai nauyi da bai kamata a yi watsi da shi ba. Zapiro ya kare kansa da cewa macen ba mutum ba ce, an ma rubuta a jikinta cewa tsarin shari'a ce, kuma abin da ya zana shi ne abin da mutanen biyar suke yi wa kotuna a bainar jama'a. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta duba ƙarar da aka kai mata, a 2010 ta ce zanen bai kai kalaman ƙiyayya ba.

Zuma ya shigar da ƙarar neman diyyar Rand miliyan 5. Shugaban ƙasa mai ci yana ƙarar mai zane, abin da ba a saba gani ba. Ana matsowa ranar shari'a kuɗin yana raguwa, har ya sauko Rand 100,000 da neman afuwa. A watan Oktoban 2012, saura kwanaki kaɗan a zauna, ya janye ƙarar ya kuma amince zai biya rabin kuɗin shari'ar waɗanda ya kai ƙara. Da an zauna, da sai ya shiga akwatin shaida lauyoyi su yi masa tambayoyi a kan duk abin da zanen ya ƙunsa. Biyu daga cikin huɗun da aka zana, Nzimande da Mantashe, daga baya sun zama ministoci. Sauran biyun, Malema da Vavi, sun ɓata da Zuma, suka koma cikin masu sukarsa da kakkausar murya.

Wannan ba ya nufin alƙalamin Zapiro bai taɓa kaucewa ba. Ya kauce, kuma mummunar kaucewa. A watan Mayun 2010 jaridar Mail & Guardian ta buga zanensa da ya siffanta Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Malaman Musulunci na ƙasar sun garzaya kotu don hana bugawa ba su yi nasara ba, amma bayan zama da shugabannin Musulmi jaridar ta bayyana nadamarta kan ɓacin ran da ta jawo. Wannan zane bai tona asirin wani mai mulki ba, bai ceci ran kowa ba. Tsirarun al'umma kawai ya soka a abin da suka fi ƙauna. A 2016 kuma ya zana shugaban masu gabatar da ƙara na ƙasar, Shaun Abrahams, a siffar biri mai rawa da kiɗan Zuma. A ƙasar da fararen fata suka shafe ƙarnuka suna kiran baƙar fata birai, wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, kuma shi kansa ya amsa cewa ya yi kuskure. Idan aka jera waɗannan biyun kusa da tafarnuwa da shawa, bambancin a fili yake. Tafarnuwa daga bakin minista ta fito, shawa daga bakin Zuma ta fito a gaban alƙali. Biri kuwa daga tsohuwar taskar raini aka ɗauko shi.

Nijeriya ma tana da nata tarihin a wannan fage. Akinola Lasekan, mai sa hannu da sunan Lash, ya fara zane a jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe tun shekarun 1940, ya caccaki Turawan mulkin mallaka, sannan ya juya kan abokan hamayyar jam'iyyar NCNC ta Azikiwe. Jarumi ne a zamaninsa, sai dai bakin alƙalaminsa waje yake kallo, ba ya waiwayar gida. A yau masu karatu a Arewa sun san Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust, wanda zanensa kan rashin tsaro da tsadar rayuwa ke yawo a wayoyin jama'a tun kafin jaridar ta iso hannun mai talla. Waya ta ƙara wa sana'ar fiffike, domin zane ba ya buƙatar fassara, kuma wanda bai taɓa sayen jarida ba yana iya tura shi ga mutum ɗari cikin minti guda. Gwajin da ke gaban duk mai wannan sana'a, a Abuja ko a Cape Town, shi ne ranar da wanda ya yi ɓarnar ɗan jam'iyyarsa ne, ko ɗan garinsu, ko wanda suka sha ɗauri tare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ya sa sukar Zapiro ta fi yi wa ANC ciwo fiye da ta jam'iyyun adawa: ba su iya cewa bai san wahalar da aka sha ba.

A watan Satumban 2008 jam'iyyar ta tilasta wa Mbeki sauka. Kgalema Motlanthe da ya karɓi riƙo ya ɗauke Tshabalala-Msimang daga ma'aikatar lafiya tun a ranarsa ta farko, ya naɗa Barbara Hogan, wadda ta fito ƙarara ta ce HIV ce ke haddasa ƙanjamau. Tsohuwar ministar ta rasu ranar 16 ga Disamban 2009. A yau Afirka ta Kudu ce ke da shirin raba magungunan ƙanjamau mafi girma a duniya, mutum sama da miliyan 5 suna karɓa, kuma adalci ne a faɗa cewa a zamanin mulkin Zuma ne shirin ya faɗaɗa sosai.

Zuma ya yi murabus ranar 14 ga Fabrairun 2018 bisa matsin lambar jam'iyyarsa. Daga baya ya jagoranci sabuwar jam'iyyar MK, kuma a zaɓen Mayun 2024 ANC ta rasa rinjayenta a majalisa karon farko tun 1994, ta tashi da kusan kashi 40 cikin 100. Zapiro ya koma jaridar intanet ta Daily Maverick tun 2017, kuma duk ranar da Zuma ya shigo zanensa, da shawarsa yake shigowa.